Ciwon gaɓar muƙamuƙi: abin da ya raba na yaro da na babba

Duk wanda ya ɗora ɗan yatsa a gaban kunnensa, daidai ƙofar kunnen, sannan ya buɗe baki ya rufe a hankali, zai ji wani ɗan dunƙulen ƙashi yana zamowa gaba yana komawa mazauninsa. Wannan ita ce gaɓar muƙamuƙi, inda kan ƙashin muƙamuƙin ƙasa ya shiga wani ɗan gurbi a gindin ƙoƙon kai. Tsakanin ƙasusuwan biyu akwai wani faifan guringuntsi mai kama da matashi, wanda yake bin kan ƙashin duk inda ya nufa, don kada ƙashi ya riƙa gogar ƙashi. Gaɓar guda biyu ce, dama da hagu, kuma ƙashi ɗaya ne ya haɗa su, saboda haka ɗaya ba ta motsi sai da 'yar'uwarta, kuma idan ta dama ta sami matsala ta hagu ma sai ta ji a jikinta. Da ita ake tauna, da ita ake magana da hamma da dariya da karatun allo.

Abin da ake kira ciwon gaɓar muƙamuƙi tarin matsaloli ne fiye da 30 da likitoci suka haɗa a ƙarƙashin suna ɗaya: wasu a tsokar tauna suke, wasu a faifan guringuntsin, wasu kuma a ƙashin gaɓar kansa. Tun a 1934 wani likitan kunne ɗan Amurka mai suna James Costen ya jawo hankali ga marasa lafiyar da ke zuwa da kukan ciwon kunne alhali matsalar tana muƙamuƙinsu, kuma har gobe wannan ruɗanin yana nan, domin bangon ƙashi siriri ne kawai ya raba gaɓar da ramin kunne. Sai dai mafi yawan abin da aka rubuta a kan ciwon, a kan manya aka rubuta shi, kuma shawarar da ta fito daga can ita ce a yi haƙuri, a sassauta wa muƙamuƙi, zai lafa. Shawara ce ta gaskiya ga babba. Damuwata ita ce yadda ake ɗaukar ta a ɗora wa yaro, wanda gaɓarsa ke yin wani aiki na biyu da ta babba ta riga ta gama.

Akwai wata maƙwabciyarmu a Gusau, mai ɗinki ce, shekarunta ba su wuce talatin da 'yan kai ba. Ana saura mako biyu Sallah ta fara tashi da safe da nauyin kumatu, kamar wadda ta kwana tana tauna ganda, ga ciwon kai a gefen goshi, ga kunnen hagu yana yi mata zogi. Ta ɗiga maganin kunne na kwana biyar bai yi komai ba. Da ta je asibiti aka haska kunnen aka ga lafiyarsa ƙalau, sai likitan ya danna tsokar kumatunta da yatsa, ta zabura. Ya ce, “Hajiya, idan kina kan keke, haƙoranki a haɗe suke ko a sake?” Ta yi shiru, sannan ta ce ita dai ta san tana cije baki idan aiki ya yi mata yawa, kuma maigidanta ya sha gaya mata tana cizon haƙora cikin barci. Bayan Sallah da 'yan makonni, da gashi da tsumma mai ɗumi da barin cingam da samun barci, ciwon ya tafi.

Labarinta shi ne labarin yawancin manya. Cibiyar binciken lafiyar haƙori ta gwamnatin Amurka ta ƙiyasta cewa kashi 5 zuwa 12 cikin 100 na mutane suna fama da wani nau'i na wannan ciwo, kuma mata sun ninka maza. Ciwon ya fi kama masu shekara 20 zuwa 40. Abin da ya fi yawa shi ne gajiyar tsoka, wadda ke zuwa daga cije haƙora da rana, da niƙa su da dare, da damuwa, da ƙarancin barci. Mutumin da ya kwana da fargaba, kamar yadda dubban mutanen ƙauyukan Zamfara suka kwana shekara da shekaru saboda 'yan bindiga, jikinsa a ɗaure yake kwana, kuma muƙamuƙi yana cikin wuraren da ɗaurin ke taruwa. Taunar abubuwa masu tauri, irin su goro da kilishi da rake da ƙuli-ƙuli, ba lallai ta haifar da ciwon ba, amma tana tsananta shi idan ya riga ya fara, haka ma tauna da gefe ɗaya saboda ɗaya gefen yana da ruɓaɓɓen haƙori ko giɓi.

Wasu manyan kuma ƙara suke ji, ƙas, duk lokacin da suka buɗe baki. Wannan yana faruwa ne idan faifan guringuntsin ya zame gaba kaɗan, sai kan ƙashin ya haye shi yayin buɗewa. Idan ƙarar ba ta tare da zafi kuma bakin yana buɗuwa sosai, ba ta bukatar magani. Wani lokaci faifan yakan ƙi komawa ya tokare hanya, sai baki ya ƙi buɗuwa fiye da rabi. Akasin haka ma yana faruwa: mutum ya yi hamma mai ƙarfi, kan ƙashin ya zarce gurbinsa ya maƙale a gaba, baki ya tsaya a buɗe yawu yana zuba, sai ma'aikacin lafiya ya mayar da shi da hannu. Ga dattawa kuwa akwai zaizayewar gaɓa irin wadda ke kama gwiwa, mai sa a riƙa jin kamar ana taka tsakuwa a gaban kunne. Duk waɗannan suna da wahala, wasu ma sukan daɗe su hana mutum sakewa, kuma bai kamata a raina mai kuka da su ba. Amma ƙashin fuskar babba ya gama ginuwa, ciwon ba ya canza masa kamanni sai a lokuta ƙalilan, kuma galibinsu suna sauƙi da abinci mai laushi, da gashi, da maganin rage zafi na 'yan kwanaki, da motsa muƙamuƙi a hankali, wani lokaci da robar da likitan haƙori ke auna wa mutum ya kwana da ita a baki.

Ga yaro lissafin ya sha bamban. Kan ƙashin nan da ke zamewa a gaban kunne yana lulluɓe da wani guringuntsi mai tsiro, kuma yana cikin manyan wuraren da muƙamuƙin ƙasa ke samun tsawo da tsayi. Daga can ne ake tura haɓa gaba da ƙasa shekara bayan shekara, har fuskar jariri mai ƙaramar haɓa ta zama fuskar saurayi ko budurwa. Wannan aiki ba ya ƙarewa sai ƙarshen shekarun balaga, kuma na maza yakan ɗan daɗe fiye da na mata. Ke nan duk abin da ya lalata gaɓar yaro ɗan shekara huɗu ya taɓa motsin bakinsa na yau, ya kuma taɓa girman fuskarsa na shekara goma sha masu zuwa. Gwargwadon ƙanƙantar yaro lokacin da abin ya same shi, gwargwadon girman ɓarnar.

Na ga haka da idona a kan jikan wata dattijuwa da ke bayan gidanmu, wanda aka kawo mata daga wani ƙauye a yankin Bunguɗu yana da shekara tara. Ina zaune a zaurensu aka kawo tuwo, sai na lura yaron ba ya kai loma baki kamar sauran. Yakan murje tuwon da miya a tafin hannu har ya yi ruwa-ruwa, sannan ya tura shi da ɗan yatsa ta wani giɓi a gefen bakinsa, ya tsotse. Haƙoransa na sama da na ƙasa ba su rabuwa sai kaurin tsinken tsintsiya biyu ko uku. Haɓarsa ta karkata dama, kuma ta shige ciki kamar ta ɗan shekara huɗu. Na ce, “Inna, tun yaushe yake haka?” Ta ce, “Wallahi, ɗan nan, ba mai iya ce maka ga rana. Lafiya lau aka haife shi, har rake yana sha. A hankali bakin ya riƙa tsukewa.” Da aka matsa da tambaya sai ta tuna cewa yana ɗan shekara huɗu ya faɗo daga amalanke ya daki haɓa, aka ɗinke wurin, aka yi masa allura, ciwon ya warke cikin mako guda. Ta ɗaga haɓar ta nuna mini tabon, ɗan siriri, bai kai tsawon gaɓar yatsa ba.

Wannan tabo shi ne mabuɗin labarin. Idan mutum ya faɗi a kan haɓa, ƙarfin dukan yakan bi ƙashin muƙamuƙi ya haura ya sauka a kan gaɓoɓin biyu. Wuyan ƙashin babba dogo ne siriri, saboda haka yakan karye a ƙasa da gaɓar, kamar yadda ake yawan gani ga waɗanda suka yi hatsarin kabu-kabu, kuma babba nan take zai ce haƙoransa sun daina haɗuwa daidai. Wuyan ƙashin ƙaramin yaro gajere ne mai kauri, kansa kuma taushi gare shi, cike yake da jini, ɓawonsa siriri. Maimakon ya karye a wuya sai kan ya murƙushe a cikin gaɓar, jini da ɓarɓashin ƙashi su cika gurbin. Jikin yaro gwani ne wajen gina sabon ƙashi, kuma wannan baiwar ce takan zama masifa a nan: idan zafi ya sa yaron ya daina motsa baki, ko aka ɗaure masa muƙamuƙi da tsumma na tsawon makonni kamar yadda ake ɗorin hannu, sai gudan jinin ya zama tabo mai tauri, tabon kuma ya rikiɗe ya zama ƙashi, har muƙamuƙi ya manne da ƙoƙon kai. Abin yana ɗaukar watanni ko shekaru, shi ya sa ba a danganta shi da faɗuwar da kowa ya manta. Idon kowa yana kan jinin da ke zuba a haɓa, karayar kuwa tana can gaban kunne inda ba wanda ya taɓa.

Idan gefe ɗaya ne ya manne, wancan gefen yakan tsaya da girma, ɗayan ya ci gaba, sai haɓa ta karkata zuwa gefen da ya lalace. Idan duka biyun ne, haɓar gaba ɗaya takan tsaya a baya, haƙoran sama su yi gaba. Daga nan matsaloli sai su riƙa haifar juna. Asuwaki da buroshi ba su shiga cikin baki, sai haƙora su ruɓe, kuma likitan haƙori ba shi da hanyar kai musu. Abinci sai mai ruwa, kunu da koko da fura, sai yaro ya rame ya tsumbure. Harshe ba shi da wurin zama saboda muƙamuƙin ya yi masa kaɗan, sai ya riƙa faɗawa baya cikin barci yana toshe numfashi, yaron ya yi ta minshari yana firgita, da rana kuma ya yi ta gyangyaɗi a aji. Idan amai ya taso masa yana cikin haɗarin shaƙewa. Ga kuma tsokanar yara, wadda ta sa yaron da nake magana a kansa ya daina zuwa makarantar allo ya koma wuni a ɗaki. Babban da gaɓarsa ta manne bayan ya girma zai sha wahalar ci da magana, amma fuskarsa tana nan yadda take.

Faɗuwa ba ita kaɗai ke kai yaro ga wannan hali ba. Ciwon kunne mai zubar da mugunya, wanda iyaye da yawa ke ɗauka wani abu ne da yaro zai girma ya bari, yana iya ratsa siririn bangon nan ya shiga gaɓar, kuma bangon yaro bai gama ƙwari ba. Ƙwayar cuta tana iya zuwa ta cikin jini ma, musamman ga jarirai. Gaɓar da ta taru da mugunya ba a yi mata magani ba, ƙarshenta ɗaya ne da wadda ta murƙushe.

Sai kuma wata musiba da ta fi shafar yankinmu fiye da yawancin sassan duniya, wato cutar da likitoci ke kira noma, sunan da ya fito daga Girkanci kuma ba ruwansa da noman gona, wadda mutanenmu da dama suka sani da ciwon iska. Tana farawa ne kamar gyambo a dasashi, yawanci ga yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro sun raunana su, kuma cikin 'yan kwanaki sai ta cinye kumatu da leɓe har ƙashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan 9 cikin 10 na yaran da ba su sami magani ba suna mutuwa, alhali a matakin farko maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da tsaftar baki suna tsayar da ita. Waɗanda suka tsira sau da yawa bakinsu yakan kulle, domin tabon da ya maye gurbin naman kumatu yakan janye ya ɗaure muƙamuƙin sama da na ƙasa, wani lokaci har ƙashi ya tsiro ya haɗa su. A nan gaɓar kanta tana iya kasancewa lafiya da farko, ɗaurin daga waje yake, amma sakamakon ga ci da magana da girman fuska kusan ɗaya ne. Asibitin yara masu noma da ke Sakkwato, wanda aka kafa a 1999 kuma ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF ke tallafa wa tun 2014, yana karɓar marasa lafiya daga Sakkwato da Kabi da Zamfara. A watan Disamba na 2023 ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi watsi da su, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman hakan.

Akwai kuma amosanin gaɓoɓi na yara, wanda ke farawa kafin shekara 16, inda garkuwar jiki ke juyowa ta far wa gaɓoɓin mai ita. An fi lura da shi a gwiwa da idon sawu da wuyan hannu, amma yana yawan kama gaɓar muƙamuƙi, kuma abin tsoron shi ne sau da yawa ba ya yin zafi a wurin. Yana cin kan ƙashin a ɓoye, sai bayan shekaru a ga haɓa ta koma baya ko haƙoran gaba sun daina haɗuwa. Duk yaron da ke tashi da safe da kumburarriyar gwiwa ko sandarewar gaɓoɓi na fiye da mako shida ya cancanci a duba masa muƙamuƙi ko da bai yi kuka da shi ba.

A nan ne bambanci na biyu yake, bayan na girma, wato bambancin faɗa. Babba yana zuwa da bayaninsa: tun ranar kaza, gefen kaza, idan na tauna kaza. Yaro ɗan shekara biyar zai ce kunnensa, ko kansa, ko kuma ba zai ce komai ba, sai dai a ga ya bar nama a kwano, ya daina gatsar rake da goruba, yana yanka loma ƙanana, yana daɗewa a kan abinci har a yi masa faɗa. Yaro yana sabawa da abin da ya same shi da sauri, kuma bai san iyakar da bakinsa ya kamata ya buɗe ba. Saboda haka nauyin ganowa yana kan iyaye da malamai da ma'aikatan ƙananan asibitoci, kuma akwai gwaji mai sauƙi da ba ya bukatar na'ura. Babba mai lafiya yana buɗe baki kimanin milimita 40 zuwa 50, wato yatsunsa uku na tsakiya a jere a tsaye suna shiga tsakanin haƙoran gaba. Yaro ma da nasa yatsun ake aunawa. Idan yatsunsa uku ba su shiga, ko haɓarsa tana gocewa gefe ɗaya yayin buɗewa, ko buɗewar wannan wata ta gaza ta watan jiya, to a nemi likitan haƙori ko likitan tiyatar baki da fuska. Ra'ayina shi ne duk yaron da aka ɗinke wa haɓa ya kamata a taɓa masa gaban kunnuwa biyu a ranar, a kuma ce wa uwarsa ta riƙa yin wannan gwaji har shekara ta zagayo.

Ba ina nufin a firgita da kowane motsi ba. Yara da yawa suna cizon haƙora cikin barci, musamman a shekarun famfara, daga wajen shekara 6 zuwa 12 lokacin da haƙoran nono ke zubewa na dindindin ke fitowa, kuma yawancinsu suna bari da kansu ba tare da wata illa ba. Irin ciwon tsoka da ƙarar gaɓa na manya ba su cika kama ƙananan yara ba. Sai an shiga balaga suke fara yawaita, kuma a daidai nan ne 'yan mata ke fara zarce samari, alhali kafin balaga ba wani bambanci sosai tsakaninsu. Budurwa 'yar sakandare da ke wuni da cingam, tana cin farce, tana kwana da tunanin jarrabawa, ciwonta ya fi kama da na maƙwabciyata mai ɗinki, kuma maganinsu kusan ɗaya ne. Haƙorin tauna na ƙarshe, mai fitowa daga wajen shekara 17, shi ma yakan kumbura dasashi ya hana baki buɗuwa na 'yan kwanaki. Abu ɗaya da ba a jira da shi, ga yaro ko babba, shi ne baki ya kulle farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu tare da sandarewar wuya da baya, musamman bayan an taka ƙusa ko an ji rauni, ko jariri ya kasa kama nono bayan yankan cibiya. Wannan alamar cutar sarƙewar haƙora ce, wadda likitoci ke kira tetanus, ba ta gaɓa ba ce, kuma tana kisa.

Magani ma ya rabu gida biyu. Babban da wuyan ƙashinsa ya karye ana iya ɗaure masa haƙoran sama da na ƙasa da waya na 'yan makonni, ko a yi masa tiyata a kafa ƙaramin ƙarfe. Yaro kuwa yawanci ba a buɗe wurin, kuma ba a son a daɗe da ɗaure shi. Ana ba shi abinci mai laushi, irin su fate da alale da tuwo mai ruwa da miyar kuɓewa, ana rage masa zafi, sannan a sa shi ya fara motsa bakin da wuri, domin kan ƙashin yaro yana iya sake ginuwa ya koma kusan yadda yake matuƙar gaɓar tana motsi. Robar kwana da ke taimakon babba ana taka-tsantsan da ita ga yaro, tunda haƙoransa suna sauyawa kuma muƙamuƙinsa yana girma, roba mai tauri tana iya tare musu hanya. Maganin rage zafi da nauyin yaro ake auna shi, kuma ba a ba ɗan ƙasa da shekara 16 asfirin sai da umarnin likita. Ko a wajen hoto akwai bambanci: hoton ƙashi na yau da kullum yana iya kasa nuna murƙushewar kan ƙashin yaro, sai an yi siti-sikan, wato hoton na'ura mai nuna ƙashi yanki-yanki, kumburin amosani kuma hoton MRI, mai nuna nama da guringuntsi, shi ne ya fi nuna shi.

Idan gaɓa ta riga ta manne, babu tofi ko shafi ko gashi da zai raba ƙashi da ƙashi, sai tiyata, kuma tiyata ce mai wuya tun daga sa barci, domin bututun numfashi da aka saba zurawa ta baki ba shi da hanya. Sai an bi ta hanci da na'ura mai ido, ko a huda maƙogwaro. Likita yakan yanke dunƙulen ƙashin da ya haɗe, ya bar tazara, sau da yawa ya janyo wani yanki na tsokar gefen kai ya shimfiɗa a tsakani don kada ƙasusuwan su sake haɗuwa. Ga babba ana iya sa gaɓar ƙarfe da roba a inda ake da hali. Ga yaro ba a cika yin haka ba, saboda ƙarfe ba ya girma. An fi ɗauko wani yanki na haƙarƙarinsa tare da guringuntsin bakinsa a dasa, da fatan ya ci gaba da tsiro kamar kan ƙashin da aka rasa, ko da yake tsironsa ba shi da tabbas: wani ya yi daidai, wani ya gaza, wani ya zarce har haɓar ta karkata ɗaya gefen. A Gusau akwai asibitin tarayya da asibitin ƙwararru na Yariman Bakura, a Birnin Kabi akwai asibitin tarayya da na tunawa da Sir Yahaya, kuma daga irin waɗannan ne ake tura masu bukatar babban aiki zuwa asibitocin koyarwa kamar na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, tafiyar kimanin kilomita 200 daga Gusau.

Aikin da ya fi wuya yana farawa ne bayan an fito daga ɗakin tiyata. Jikin da ya gina ƙashin farko yana nan da ƙarfinsa, kuma yara sun fi manya yawan sake mannewa. Abin da ke hana hakan shi ne buɗe baki da ƙarfi sau da yawa a kowace rana, wata da watanni, tun ciwon yana ɗanye. Babba yana fahimtar dalili ya daure. Yaro kuka zai yi ya gudu, kuma uwa mai tausayi za ta so ta ƙyale shi ya huta, hutun da zai iya mayar da aikin gaba ɗaya baya. Jikan dattijuwar nan an yi masa aikin yana da shekara goma, bayan dangi sun sayar da tumaki sun haɗa kuɗi. An sallame su da ƙunshin 'yan katakan nan masu faɗi da likita ke danne harshe da su, aka ce a riƙa jera su tsakanin haƙoransa ana ƙara ɗaya bayan 'yan kwanaki. Kakar ce ta ɗauki aikin, domin uwar ba ta iya jure kukan. Bayan kowace salla takan zaunar da shi a kan tabarma, ta riƙe kansa a cinyarta, tana zura katakan ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa da ƙarfi, shi kuma hawaye na bin gefen kunnensa. Ganina da shi na ƙarshe yatsunsa biyu suna shiga har da ɗan sarari, yana cin tuwo da loma, ya koma makarantar allo. Haɓar tana nan a karkace, kuma likitocin sun ce gyaranta sai ya gama girma.